Babi na Biyar: Darasin da Ke Cikin Suri

Duk wanda ya tashi a karkara ya san suri. Yana nan tsaye a gefen gona ko a bakin burtali, wani ja, wani ruwan toka, wani iyakarsa gwiwa, wani kuwa ya ɗara tsayin mutum. Manomi ba ya murna da ganinsa, domin gara ce a ciki, ita kuwa gara ba ta ƙyale danga ba, ba ta ƙyale rumbu ba, ko littattafan malam da ke cikin adaka ba ta bari ba. Yara ne ke cin moriyarsa, in ruwan farko ya sauka shinge ya fito su bi shi da kwano. Iyaye kuma kan ja musu kunne kada su zura hannu a ramin tsohon suri saboda maciji. Iyakar abin da yawancinmu muka sani game da suri ke nan.

Akwai tambayar da ba mu cika yi ba. Dubban ɗaruruwan halittu, wani lokaci har fiye da miliyan, suna zaune cikin rufaffen gini na ƙasa, babu taga, babu ƙofar da ido ke gani. Suna ci, suna aiki, suna hayayyafa, jikinsu na fitar da zafi. Da mutane aka cusa haka a ɗaki ɗaya, da kafin gari ya waye an yi asarar rayuka. To, su ta ina iska ke shigar musu, ta ina kuma take fita?

Wannan tambaya ta yi doguwar tafiya. Ta tashi daga daji ta shiga hannun masana ƙwari, daga nan ta sauka a kan teburin wani mai zanen gini a ƙasar Zimbabuwe, ta zama katafaren bene a tsakiyar birnin Harare, sannan ta sake komawa daji ta samo sabuwar amsa. Sawunta za mu bi a wannan babi, domin labarinta ya nuna ƙarara yadda ilimin kimiyya da kayan fasaha da tunanin mai zane suke haɗuwa a wajen gini, da kuma inda ƙarfin kowannensu ya tsaya.

Lokacin da gini ya daina duban rana

Shekaru aru-aru, babban abokin shawarar magini shi ne yanayin garinsu. Inda ruwan sama ya yawaita, rufi kan yi tsini don ruwa ya gangare. Inda rana ke duka, bango kan yi kauri, taga ta ƙanƙance. Mutanen birnin Yazd na ƙasar Iran suka gina dogayen hasumiyoyi masu tarar iska su sauko da ita cikin gida. Mutanen Alƙahira suka rufe tagoginsu da sassaƙaƙƙen katako mai huda-huda, iska ta shiga, rana ta tsaya a waje. Bahaushe ya yi soro da zaure da tsakar gida mai inuwa. Babu wanda ya zauna a aji ya karanci kimiyyar zafi a cikinsu. Gwaji da gyara na kaka da kakanni ne ya tsaya musu.

Abubuwa uku suka zo suka sauya wannan tsari. Na farko, ƙarfe da kankare suka ɗauke wa bango nauyin gini, ginshiƙai suka riƙe bene, bango ya koma kamar labule wanda za a iya yin sa da kowane abu. Na biyu, a shekarar 1902 wani matashin injiniya a Amurka mai suna Willis Carrier ya ƙera wata na'ura don wata maɗaba'a. Damuwar masu maɗaba'ar ita ce laimar iska na sa takarda ta kumbura, launuka su ƙi hawa daidai a kan juna. Na'urar ta rage laimar, ta kuma sanyaya iskar, ita ce kakar na'urar sanyaya ɗaki da muke kira esi a yau. Na uku, a shekarar 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana sabuwar hanyar yin gilashi, inda ake zuba narkakkensa ya kwanta a kan narkakken kuza ya fito sumul. Daga nan manyan fallayen gilashi suka yi araha.

Da waɗannan uku suka haɗu, sai benen gilashi ya zama tambarin ci gaba. Mai zane ya sami 'yancin da magabatansa ba su taɓa samu ba: yana iya zana gini iri ɗaya a Landan, ya maimaita shi a Jidda ko Legas, ya bar wa injiniya aikin sanyaya shi. Wannan 'yanci ya kawo alheri mai yawa, musamman a asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje da masana'antu. Amma ya zo da bashi. Gilashi yana barin hasken rana ya shiga, ya kuma riƙe zafin a ciki, kamar motar da aka rufe aka bari a rana. Sai an ƙona wuta mai yawa kafin a fitar da zafin da zanen ginin da kansa ya gayyato. A rahoton da Hukumar Makamashi ta Duniya ta fitar a shekarar 2018, ta ce na'urorin sanyaya ɗaki da fankoki suna shan kusan kashi 10 cikin 100 na duk wutar lantarkin da ake amfani da ita a duniya. Ta kuma yi hasashen cewa yawan na'urorin zai tashi daga biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da shekarar 2050.

Aikin da aka kawo wa Mick Pearce

An haifi Mick Pearce a Harare a shekarar 1938, lokacin ana kiran birnin Salisbury, ya kuma yi karatun zanen gini a Landan. A farkon shekarun 1990 kamfanin Old Mutual ya ba shi aikin zana babbar cibiyar kasuwanci da ofisoshi a tsakiyar birnin. Sharaɗin masu kuɗin shi ne ba sa son ginin da zai dogara da babbar na'urar sanyaya iska. Dalilinsu na aljihu ne. Na'urar daga waje za a sayo ta, kayan gyaranta ma daga waje, ga kuɗin ƙasashen waje na wahalar samu, ga kuɗin wuta da zai hau kan 'yan haya kowane wata.

Pearce ya sha ba da labarin cewa yana cikin wannan tunani ya ga wani shirin talabijin na BBC, inda mai gabatar da shirin, David Attenborough, ya kutsa cikin gidan gara a Najeriya yana bayanin yadda aka gina shi. Abin ya tsaya masa a rai. Ya koma ya nemi abin da masana suka rubuta.

Bayanin da ya fi karɓuwa a lokacin shi ne na wani masanin ƙwari ɗan ƙasar Suwizalan, Martin Lüscher, wanda ya wallafa shi a shekarar 1961. Irin garar da ya yi nazari a kanta, mai gina babban suri, manomiya ce. Tana tattaro busasshen itace da ciyawa, ta shuka wani nau'in naman kaza a kansu a can ƙarƙashin ƙasa, shi ne ke narkar mata da abincin. Garar da gonarta duka suna numfashi, duka suna fitar da zafi. Lüscher ya ce wannan zafi ne ke ɗaga iskar gidan ta hau ta babban rami na tsakiya zuwa ƙololuwa, daga can ta bi ƙananan hanyoyi da ke dab da fatar surin ta sauko. A kan hanyar saukowa sai ta huce, ta zubar da gurɓatacciyar iskar numfashi ta cikin ƙananan kafofin ƙasar, ta ɗauki sabuwa, ta koma ƙasa ta sake zagayowa. A ganinsa, da haka gara ke riƙe da ɗumin gidanta daidai wa daida dare da rana. Wasu masanan kuma suka yi bayanin wani nau'in suri mai buɗaɗɗen baki a sama, wanda iskar da ke wucewa ta kan bakin take zuƙo ta ciki waje.

Da wannan hoto a zuciyarsa Pearce ya zauna da injiniyoyin kamfanin Arup. A nan ne aikin ya tashi daga sha'awa ya koma lissafi. Birnin Harare yana kan tudu, kusan mita 1,500 daga doron teku. Rana na da zafi, amma dare na da sanyi, tazarar da ke tsakaninsu takan kai digiri 10 ko fiye. Injiniyoyin suka ɗauki bayanan yanayin birnin suka zuba a kwamfuta, suka yi ta gwada ginin tun yana kan takarda. Tambayarsu ɗaya ce: za a iya kama sanyin dare a adana shi, a ci moriyarsa da rana?

Yadda ginin Eastgate yake numfashi

An buɗe cibiyar, wadda aka sa wa suna Eastgate, a shekarar 1996. Benaye biyu ne dogaye a jere, da wata babbar tsakar gida a tsakaninsu wadda aka rufe da gilashi daga can sama, iska na ratsa ta. Hawa na ƙasa shaguna ne, sama da su kuma hawa bakwai na ofisoshi. Filin shagunan ya kai murabba'in mita 5,600, na ofisoshin kuma 26,000. Wanda ya hango ginin daga nesa, abin da zai fara gani shi ne jerin bututan jan bulo 48 a kan rufin, kamar na gidan burodi.

Sirrin yana cikin daɓen kowane hawa. An yi shi da kankare mai rami a ciki, a cikin ramin kuma an jera wasu haƙora na kankare domin iskar da ke wucewa ta goga jikinta da wuri mai yawa. In dare ya yi, manyan fankoki da ke saman shagunan sukan tashi, su zuƙo sanyin dare su tura shi ta manyan bututai zuwa kowane hawa, ya ratsa cikin daɓen. Kankaren da ya wuni yana shan zafin mutane da na'urori sai ya sauke zafin, ya sha sanyi ya ƙoshi. In gari ya waye, ƙananan fankoki su karɓi aiki, suna tura iska sannu a hankali. Iskar tana bi ta cikin daɓen nan mai sanyi, ta huce, ta fito cikin ofis ta wasu kafofi da ke ƙasan taga. Da ta ɗauki ɗumin ɗakin sai ta yi sama, kamar yadda hayaƙi ke yi, ta fita ta kafar rufin ɗakin, ta bi bututu ta fice ta can ƙololuwa.

Duk wanda ya taɓa zama a kan dutse bayan magariba ya ji ɗumin rana a jikinsa, ya san ƙa'idar da aka bi. Abu mai nauyi, irin dutse da laka da kankare, ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa. Abin da Pearce da injiniyoyinsa suka yi shi ne suka juya wannan hali ya yi musu aiki: ginin ya zama rumbu, sanyin dare ne hatsin da ake zubawa a ciki.

Lissafin kwamfutar ya kuma kafa wa mai zanen dokoki da dole ya bi. Kada rana ta riƙa dukan bango kai tsaye. Kada gilashin taga ya wuce rubu'in faɗin bangon da ke fuskantar rana. Wani mai zanen zai ɗauki wannan a matsayin takura. Pearce kuwa daga cikin dokokin ya fitar da kamannin ginin. Ya yi wa bangon ƙaho-ƙaho da baranda masu zurfi na kankare, waɗanda ke yi wa tagogi inuwa da rana, da dare kuma su taimaka wajen sakin zafi, saboda jiki mai tudu da kwari ya fi sumul yawan fatar da iska za ta taɓa. Ya dasa tsirrai masu yaɗo a jikin ginin. Ya kuma ɗauko wasu siffofin ado daga katangun duwatsun tsohon birnin Babbar Zimbabuwe, wanda daga gare shi ƙasar ta sami sunanta. Saboda haka kusan duk abin da ido ya gani a jikin Eastgate yana da aikin da yake yi.

Sakamakon ya fito a aljihu. Masu ginin sun tsira da kimanin dala miliyan 3.5 da za su kashe wajen sayen babbar na'urar sanyaya iska. Da aka kwatanta shi da wasu manyan gine-gine shida na Harare masu irin wannan na'ura, aka tarar wutar da yake sha ta gaza tasu da kusan kashi 35 cikin 100. Ofisoshin ba sa yin sanyin firji, amma a yawancin ranakun shekara sukan fi waje sanyi da kimanin digiri 3, kuma iskar da mutum ke shaƙa sabuwa ce. Sunan ginin ya zagaya duniya, ya shiga littattafan makarantun zanen gini a matsayin benen da aka kwaikwayo daga suri.

Masana sun koma daji

Kimiyya ba ta ɗaukar magana a matsayin ta ƙarshe don kawai babban malami ne ya faɗe ta. Wani masani ɗan Amurka, Scott Turner, ya shafe shekaru a ƙasar Namibiya yana bincike a kan suri. Ya zura ma'aunin zafi a ciki, ya saka wata iska mai alama ya bi diddigin inda take zuwa. Abin da ya gano ya saɓa wa bayanin Lüscher. Ɗumin gidan garar da ya auna ba ya tsayawa wuri ɗaya duk shekara. Yana hawa da sauka tare da ɗumin ƙasar da ke kewaye da shi, daga wajen digiri 14 a lokacin sanyi zuwa sama da 30 a lokacin zafi. Abin da ke kare gidan daga zafin tsakar rana da sanyin asuba shi ne tarin ƙasar da yake binne a cikinta. Shi kuwa tudun da muke gani a sama, Turner ya ce aikinsa ya fi kama da na huhu: bugun iskar waje, mai zuwa tana komawa, shi ke motsa iskar ciki ta kafofin bangon, gidan ya yi numfashi. A shekarar 2008 shi da wani injiniya ɗan Ingila, Rupert Soar, suka gabatar da wannan bayani, suka kuma ambaci Eastgate da suna, cewa an gina shi a kan fahimtar da ba ta cika daidai ba.

Bincike bai tsaya nan ba. A shekarar 2015 wasu masana a Amurka, Hunter King da Samuel Ocko da L. Mahadevan, suka auna motsin iska a cikin surin wani nau'in gara a ƙasar Indiya. Suka tarar siraran fukafukan da ke jikin surin suna saurin ɗaukar zafi da rana fiye da tsakiyarsa mai kauri, da dare kuma su riga shi hucewa. Wannan bambanci ne ke juya iskar ciki, ta bi hanya ɗaya da rana, ta juya baya da dare. Wato sauyawar dare da rana ita ce injin da ke ba gidan iska.

Mai karatu zai lura da abin mamakin da ke nan. Pearce ya fara da bayanin da daga baya aka yi masa gyara, amma ginin da ya gama ya dogara ne da abubuwa biyu: nauyin jikinsa, da tazarar zafin dare da rana. Su ne kuma abubuwan da binciken baya ya nuna suna da babban matsayi a gidan gara. Ya kai ga gaskiyar ta wata hanya daban da wadda ya ɗauka yana bi.

Me ya sa ginin bai gaza ba?

Amsar tana cikin yadda aka raba aikin. Labarin suri ya ba Pearce ƙarfin halin yin tambayar da sauran masu zane suka daina yi, wato ko babban gini zai iya sanyaya kansa. Amma kaurin daɓe da girman bututu da ƙarfin fanka, babu ɗaya da aka auno daga suri. Daga ƙa'idojin tafiyar zafi aka lissafo su, waɗanda aka daɗe da tabbatarwa, da kuma ainihin bayanan yanayin Harare. Da Pearce ya ɗauki siffar suri kawai ya kumbura ta ya ce mutane su shiga, da ginin ya zama tanda. Kama da wane ba wane ba ce.

A nan ne matsayin kowane ɓangare ya bayyana. Tunanin zane shi ke buɗe ƙofa, yana iya fitowa daga ko'ina, daga daji ko daga tsohon gini ko daga shirin talabijin. Kimiyya ita ke tace tunanin, ta ce wannan zai yiwu, wancan mafarki ne. Fasaha, wato kwamfuta da fanka da kankaren da aka zuba a ma'auni, ita ke mai da shi abin taɓawa. Sai kuma mai kuɗi da magina da leburori da mutanen da za su zauna a ciki, waɗanda in babu su zane ba ya barin takarda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin mai zanen gini shi ne ya zauna a tsakiyar waɗannan mutane, ya ji harshen kowa, ya fitar da gini ɗaya wanda ya amsa buƙatunsu duka. Alƙalin ƙarshe kuwa shi ne ginin da kansa, bayan an shiga an zauna, an auna zafinsa a watan da ya fi kowane zafi.

Pearce bai ɗauki gyaran masana a matsayin cin fuska ba, ya ci gaba da bibiyar binciken. Tun kafin bayanin 2008 ma, da ya koma Ostireliya ya yi aikin ginin ofisoshin hukumar birnin Melbourne da ake kira CH2, wanda aka buɗe a shekarar 2006, bai kwafi Eastgate ya dasa a can ba. Ya riƙe ƙa'idar, ya sauya hanya: rufin ɗakunan kankare ne mai lanƙwasa, tagogi kuma suna buɗe kansu da dare don sanyi ya shiga ya wanke zafin wuni.

Ita kanta gara haka take yi. Wata masaniya 'yar Jamus, Judith Korb, ta yi bincike a gandun dajin Komowe na ƙasar Kwaddibuwa a kan nau'in gara guda. Ta tarar a fili mai rana surinta dogo ne mai sirarin bango da fukafukai masu yawa, amma a cikin kurmi mai inuwa da sanyi sai ta gina shi dunƙulalle mai kaurin bango don ya riƙe ɗumi. Gara ɗaya, ƙasa ɗaya, gini biyu, domin wurin ya bambanta.

Mu da namu zafin

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, kuma dole a faɗi gaskiya a kansa. Wanda ya ɗauko zanen Eastgate ya kafa a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ba zai sami abin da mutanen Harare suka samu ba. Da bazara, zafin rana a waɗannan garuruwa yakan haura digiri 40, daren ma ba ya yin sanyin da za a adana. Da hunturu dabarar za ta yi aiki, haka ma a wuri mai tudu irin Jos. Abin ɗauka daga Harare shi ne tsarin aikin: a fara da auna yanayin wurin, sannan a ɗauki alƙalami.

Magabatanmu sun san wannan ƙa'ida ta nauyin gini tun kafin a ba ta suna a littafi. Soron ƙasa mai kaurin bango yakan wuni da sanyi, domin kafin zafin rana ya ratsa tubali ya iso ciki, la'asar ta yi. Da dare kuma, lokacin da bangon ya fara sakin zafin, mutanen gida sun shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Ginin da al'adar zaman cikinsa tare suke aiki. Ta fuskar ƙarfin gini ma ba a bar su a baya ba. Azara ita kaɗai ba ta iya ɗaukar rufin ƙasa mai faɗi, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo, suna jera gajerun azara a cikin laka, kowane sahu ya ɗan zarce na ƙasansa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Laka na ɗaukar dannin nauyi, azara na hana ta tsagewa, kamar dai yadda rodi yake yi a cikin kankare. Da wannan dabara Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a farkon rabin ƙarni na 19. Ita kuma azarar daga giginya ake fasa ta, saboda magina sun lura gara ba ta cika cin ta ba. Makuba daga kwasfar ɗorawa da katsi daga marina su ne suka zama maganin ruwan sama. Wannan duka ilimi ne da aka samu ta hanyar lura da gwaji, ita ce kuwa hanyar kimiyya.

Yau mun sauya kayan gini, kuma akwai dalili. Soro na son yaɓe duk shekara, damina mai ƙarfi na iya kawo shi ƙasa, ga azara ta yi wuya. Kuskurenmu shi ne da muka ajiye laka sai muka ajiye tunanin da ke tare da ita. Bulon siminti mai rami, kwano dab da silin, babbar taga tana kallon yamma, tsakar gida an shafe ta da siminti, bishiyar da ke wurin an sare. Irin wannan gida yakan zama murhu tun daga hantsi, ba a iya zama cikinsa sai da wuta, in an ɗauke wuta sai janareta, in mai ya yi tsada sai haƙuri.

Akwai waɗanda suka nuna cewa ana iya haɗa tsohon ilimin da sabon. Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso wanda ya yi karatu a Jamus, ya gina wa ƙauyensu makarantar firamare da aka kammala a shekarar 2001. Ya yi amfani da bulon laka da aka matse da inji aka ɗan haɗa da siminti. Kwanon rufin kuma ya ɗaga shi sama a kan sandunan ƙarfe, nesa da rufin laka na ajin, iska na ratsa tsakaninsu tana kwashe zafi, bakin kwanon ya zarce bango yana kare shi daga ruwa. Aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a shekarar 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, mafi daraja a fagen zanen gini. A ƙasar Hausa ma, a garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin garin ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo da matsattsen bulon ƙasa tare da maginan yankin, aka kammala a shekarar 2018. Da tsohuwar zuma ake magani, amma a waɗannan ayyuka an auna zumar da ma'aunin zamani.

Kira ga mai gini da mai zane

Wanda zai gina gida, ko ɗaki biyu ne, ya tambayi mai zanensa ko birkilansa abubuwa kaɗan kafin a haƙa harsashi. Ta ina rana za ta riƙa dukan ginin da yamma? Ta ina iska ke zuwa da bazara, kuma in ta shiga ta ina za ta fita? Zafin da kwano ya tara, wace hanya aka bar masa? In an ɗauke wuta kwana uku, za a iya kwana a ɗakin? Amsar waɗannan ba ta buƙatar kuɗi mai yawa in an yi ta tun a kan takarda. Bayan an ɗora rufi kuwa, gyaranta sai da rushewa.

Ɗalibanmu masu karatun zanen gini da injiniyanci su riƙe kwamfuta da kyau, domin ba don ita ba da Eastgate bai tsaya ba. Amma su fita da ma'aunin zafi su shiga tsofaffin soraye da sababbin gidaje, su auna, su rubuta, su zauna da tsofaffin magina tun suna raye. Hukumomin da ke gina makarantu da asibitoci kuma su daina karɓar zane ɗaya ana bugawa daga bakin teku har bakin hamada. Zafi yana ƙaruwa, wuta ba ta wadace mu ba, kuma ginin da aka kafa bana jikokinmu ne za su zauna a cikinsa. Mu gina shi daidai da ranar garinmu.